Abin da Rana, Gishiri da Ƙanƙara Ke Yi wa Jirgi Mai Filafilai

Na taɓa tsayawa a wani filin ajiye jiragen ruwa tsakanin jirage biyu masu filafilai, wato manyan ƙyallayen da ke kama iska su tura jirgi, waɗanda kamfani ɗaya ya ƙera a shekara ɗaya. Tsawonsu ɗaya, fasalinsu ɗaya, amma wanda bai sani ba zai rantse cewa ɗayan ya girmi ɗan'uwansa da shekara goma sha biyar. Na farkon ya yi rayuwarsa a arewacin Turai, inda ake fitar da shi daga ruwa duk ƙarshen kaka a lulluɓe shi har sanyi ya wuce. Na biyun ya shafe shekarunsa a tsibiran Karibiyan, yana cikin ruwan gishiri dare da rana. Launin na biyun ya koɗe, idan ka shafa jikinsa sai farin gari ya biyo tafin hannunka kamar alli, igiyoyinsa sun ƙandare, jar tsatsa kuma ta tsiyayo daga gindin kowace waya da ke riƙe da jigo, wato dogon turken da filafilai ke rataye a jikinsa. Na farkon yana ta sheƙi, sai dai da muka zagaya bayansa muka tarar allon da ke juya shi ya tsage daga sama har ƙasa, saboda ruwan da ya shige cikinsa ya daskare a wani hunturu ya buɗa shi.

Tun daga ranar na daina amincewa da duk wani jadawalin kula da jirgi wanda bai fara da tambayar inda jirgin yake zaune ba. Littattafan da ke zuwa tare da jirage sukan ce a canza kaza bayan shekara kaza, kamar dai shekarar Norwe da shekarar Tailan nauyinsu ɗaya ne a jikin ƙarfe da ƙyalle. Masu jirage kuma, idan suna ba juna shawara, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi: mutumin ƙasar sanyi zai yi maka dogon bayani a kan tsiyaye ruwan inji, mutumin ƙasar zafi zai yi maka a kan kankare gindin jirgi, kuma kowannensu gaskiya ya faɗa, gaskiyar ruwan da ya sani.

Rana ce ta fi kowa ɓarna a ƙasashe masu zafi, kuma ita ce aka fi rainawa saboda ba ta yin ƙara. Yawancin filafilan jiragen yawo a yau da zaren foliyesta ake saƙa su, irin wanda aka fi sani da suna Dacron. Ƙyalle ne mai ƙarfi, ba ya ruɓewa kamar audugar da, amma wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani, wanda masana ke kira ultirabayolet, yana tsinka ƙwayoyin zaren a hankali har ƙyallen ya zama kamar tsohuwar takarda. Abin da na fi so mai jirgi ya riƙe shi ne, ɗinkin yakan mutu kafin ƙyallen. Zaren ɗinki siriri ne, kuma a saman ƙyallen yake kwance, don haka shi ke fara shan rana. Idan ka karta layin ɗinkin da farce ka ga zaren yana tsinkewa, to filafilin nan zai iya rabewa gida biyu a ranar da iska ta fi ƙarfi, wato ranar da aka fi bukatarsa. Shi ya sa a yankunan da rana ke tsaye a ka duk shekara, lulluɓe filafili da zarar an sauke shi wajibi ne ko da hutun na awa biyu ne, kuma filafilin gaba da ake naɗewa a jikin waya sai an ɗinka masa wani ƙyalle mai kauri a gefe domin ya zama garkuwa idan an naɗe shi. Wannan ƙunar ce kuma take cin igiyoyi, tagogin roba, madaurin rigar ceto da ƙaramin kwalekwalen hurawa da ake ɗaurewa a baya. Man sheƙin da ake shafa wa katako, wanda shafa ɗaya a shekara ke isarsa a arewa, a kusa da tsakiyar duniya sai an maimaita shi bayan 'yan watanni, har masu jirage da yawa sukan haƙura da sheƙin su bar katakon ya yi furfurarsa.

Gishiri kuwa ba daidai yake a ko'ina ba, kuma wannan bambanci ne da ake mantawa. A matsakaici, kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri. A Bahar Rum ya kai wajen 38, a Bahar Maliya kusan 40, saboda zafi yana busar da ruwa kuma koguna kaɗan ne ke zuba a ciki. A tsakiyar Tekun Baltik kuwa bai wuce giram 7 ba, yana kuma ƙara raguwa idan aka nausa arewa tsakanin Suwidin da Finlan. Idan gishiri mai yawa ya haɗu da zafi, tsatsa tana gudu, domin ɗumi yana hanzarta duk wani cin da sinadari ke yi wa ƙarfe. Ƙarfen da ake kira mara tsatsa, wanda da shi ake yin wayoyin da ke riƙe jigo, sunansa ya fi ƙarfinsa. Kariyarsa wata siririyar fata ce da iskar oksijin ke yi masa, kuma a duk lungun da ruwan gishiri ya kwanta iska ba ta shiga, fatar nan tana mutuwa ƙarfen ya fara cinyewa daga ciki. Wuraren da abin ya fi faruwa su ne inda ido ba ya kaiwa: cikin bakin da aka matse waya, da wurin da faifan ƙarfe ya ratsa doron jirgi. Kamfanonin inshora da yawa sukan nemi a canza waɗannan wayoyi bayan kimanin shekara 10, amma a ganina wanda jirginsa ke zaune a ruwan ɗumi mai gishiri bai kamata ya jira cikar wannan wa'adi ba kafin ya kwance su ya duba da gilashin ƙara girma, domin faɗuwar jigo a tsakiyar teku ba ta ba da sanarwa.

Akwai wani cin ƙarfen na daban wanda ruwan gishiri ke haddasawa idan ƙarafa iri biyu suka haɗu a cikinsa, domin ruwan yakan mayar da su tamkar batir, ɗaya ya riƙa narkewa yana fansar ɗayan. Rundunar jiragen ruwan Ingila ta koyi wannan darasi da tsada. A 1761 ta lulluɓe gindin wani jirginta mai suna Alarm da fallayen jan ƙarfe domin kare katakonsa, dabarar ta yi aiki, amma aka tarar ƙusoshin baƙin ƙarfen da ke kusa da jan ƙarfen suna cinyewa. A 1824 masani Humphry Davy ya nuna cewa idan aka manna guntun tutiya ko baƙin ƙarfe a jikin jan ƙarfen, guntun ne zai narke ya bar sauran. Har yau wannan dabarar ce ke tsare farfela da sandarta a ƙarƙashin kowane jirgi. Sai dai irin guntun da za a manna ya danganta da ruwan: tutiya ta dace da ruwan gishiri, alminiyom yana aiki a ruwan gishiri da kuma gaurayen ruwan bakin kogi, maganiziyom kuwa na ruwan daɗi ne. Tutiyar da aka bari a ruwan daɗi takan yi wani farin ɓawo ta daina aiki, mai jirgi ya ga ba ta ragu ba ya yi murna, alhali farfelarsa ce ke biyan bashin. Maganiziyom da aka kai teku kuma zai narke cikin ɗan lokaci.

Shi kansa Davy ya gamu da wani abin da bai zata ba, domin da jan ƙarfen ya daina narkewa sai ciyayi da halittun ruwa suka samu damar manne masa. Wannan ita ce matsalar da har yanzu take cin lokacin masu jirage fiye da kowace. Duk abin da aka bari a cikin teku sai rayuwa ta hau shi, da farko santsi, sannan gansakuka, sannan ƙananan halittu masu ɓawo da ke likewa kamar siminti. A ruwan sanyi suna girma ne a watannin ɗumi kawai, su tsaya da hunturu. A ruwan zafi ba su da hutu, kuma jirgin da aka bari a tashar da ruwanta ke kwance zai iya yin gemu a cikin makonni kaɗan. Ga jirgin da iska ce ƙarfinsa wannan babbar asara ce, domin gindi mai kaushi yana rage gudu, yana kuma hana jirgi kutsawa ta fuskar da iska ke fitowa, farfelar da ta cika da ɓawo kuwa ba za ta fitar da kai daga haɗari ba ko inji yana ta ruri. Maganin shi ne fenti mai guba da ake shafa wa gindi, wanda yawancinsa jan ƙarfe ne a ciki. A da ana amfani da wani mai ƙarfi da ake kira TBT, amma da aka ga yadda yake lalata kawa da dodon-koɗin teku, Hukumar Kula da Sufurin Teku ta Duniya ta amince da yarjejeniyar hana shi a 2001, ta kuma fara aiki a 2008. Na goyi bayan wannan hani ba tare da wata tantama ba, ko da yake ya ƙara wa mai jirgin ƙasar zafi aikin nutsewa da soso duk wata.

Mai jirgin katako yana da wani abokin gaba na musamman, tsutsar jirgi. A gaskiya dangin kawa ce mai dogon jiki, tana shiga katako tana ƙarama ta wata kafa da ba ta fi tsinin allura ba, sannan ta yi ta haƙa a ciki har katakon ya zama kamar saƙar zuma alhali daga waje lafiya lau yake. Ita ce ta cinye jiragen Kolumbus a tafiyarsa ta huɗu, har a 1503 ya tura biyun da suka rage masa kan yashi a Jamaika, ya zauna a can shekara guda yana jiran ceto. Sai a kwatanta wannan da jirgin yaƙin Suwidin mai suna Vasa, wanda ya nutse a tashar Stockholm a 1628, aka ɗago shi a 1961, bayan shekara 333, katakonsa kusan duka yana nan. Ruwan wurin yana da sanyi, gishirinsa kuma bai ishi tsutsar ta rayu ba. Ban san wani misali da ya fi wannan nuna ikon da ruwan yanki ke da shi a kan ajalin jirgi ba. Masu jiragen katako na gaɓar Larabawa da gabashin Afirka sun daɗe da sanin maganinsu: sukan jingine jirgi a kan yashi idan teku ta janye, su kankare gindinsa, su shafe shi da haɗin farar ƙasa da kitse, saman kuma su shafa masa man kifi.

Wanda ya ji haka zai ɗauka ruwan daɗi aljannar jirage ce, kuma ta fuskar tsatsa kusan haka ne, shi ya sa jiragen da suka zauna a manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada suke da daraja a kasuwa. Amma ruwan daɗi ne ke ruɓar da katako. Ƙwayoyin da ke cin itace suna son danshi mara gishiri, don haka jirgin katako yakan ruɓe ne daga sama, inda ruwan sama ke ɗiga ya kwanta a lungu, maƙeran da kuwa har gishiri sukan cusa tsakanin haƙarƙarin jirgi saboda wannan dalili. Jiragen faiba ma, wato na roba mai tauri da aka ƙarfafa da zaren gilashi, waɗanda su ne mafi yawa a yau, galibi akwai katako mara nauyi a tsakiyar doronsu, kuma a yankin da ake yawan ruwan sama, kowane ramin noti da likinsa ya tsufa ƙofa ce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma alamar farko ita ce doron ya riƙa lotsawa a ƙarƙashin ƙafa. Ita kanta faibar tana shan ruwa sannu a hankali har ta yi ƙuraje a gindi, abin ya fi sauri a ruwan ɗumi da kuma jikin jirgin da ba a taɓa fitar da shi ya bushe ba. Tafkunan nan na Amurka kuma sun samu nasu baƙon tun 1988, wata ƙaramar kawa mai zane a jiki da ta biyo ruwan cikin manyan jirage daga yankin Bahar Aswad, tana toshe bututun da inji ke shan ruwa.

Cikin jirgi ma yanayi yana bin mutum. Inda laima ta yi yawa, jirgin da aka rufe ruf aka tafi zai tarbi mai shi da fumfuna a kan katifu, rufi da filafilan da aka ajiye da danshi. Iska mai ratsawa ta fi duk wani maganin feshi, kuma wanke gishiri daga kaya da ruwan daɗi kafin ajiya yana da muhimmanci, domin gishiri yana janyo danshi daga iska, ƙyallen da ke ɗauke da shi ba ya bushewa har abada. Tankin dizal da aka bari rabi yana tara raɓa a bangonsa, ruwan ya kwanta a ƙasa, wasu ƙwayoyin halitta su hayayyafa a tsakanin ruwan da man su zama baƙar laka, wadda ba ta tashi toshe matatar mai sai ranar da raƙuman ruwa suka girgiza tankin. Batir mai darma kuwa zafi ne ajalinsa, domin duk ƙarin kimanin digiri 10 a kan digiri 25 yana rage kusan rabin kwanansa.

A ƙasashen sanyi duk tsarin shekara yana ratayuwa ne a kan abu ɗaya, wato cewa ruwa yana ƙara girma da kimanin kashi 9 cikin 100 idan ya daskare. Wannan ƙarin ya isa ya fasa gangar inji, famfo, bututu, tankin ruwa da bawul ɗin da ke ƙasan jirgi. Ruwan teku yana daskarewa a kusan digiri 2 ƙasa da sifili, na daɗi kuma a sifili, saboda haka tafkuna da Baltik sun fi saurin kamawa. Kafin sanyi ya sauka ana ɗaga jirgi da ƙugiya a ɗora shi a kan matokarai, a tsiyaye kowane bututu ko a cika shi da ruwan hana daskarewa, a canza man inji domin tsohon mai yana da tsami da ke cin ƙarfe idan ya kwana watanni, a cika batir domin wanda ya sauka yana iya daskarewa ya fashe, sabbin batiran lithiyom kuma ba a cajinsu idan sanyi ya kai ƙasa da sifili. Sai a yi wa jirgin rumfa mai gangara yadda dusar ƙanƙara za ta zame, a bar kafofin iska, domin tamfol da aka ɗaure ba mashaƙa yana tara raɓa fiye da barin jirgin a fili. Abin da ya fi ɓarna a nan shi ne narkewa da sake daskarewa sau da yawa a cikin hunturu ɗaya, kowane zagaye yana ƙara buɗa tsagar da ya samu, kamar yadda ya yi wa allon jirgin da na ambata.

Masu jiragen arewa sukan yi kukan cewa wata biyar ko shida kacal suke morar jirginsu, sauran watannin yana kan tudu yana cin kuɗin ajiya. Ni kuwa ina ganin wannan tilas ɗin alheri ne babba a gare su. Sanyi yana sa su fitar da jirgi duk shekara ko suna so ko ba sa so, idonsu ya ga gindinsa, hannunsu ya taɓa farfela, sau da yawa a sauke jigo a duba kowace waya a ƙasa, faiba ta bushe, filafilai su yi rabin shekara a ɗaki nesa da rana. Mai jirgin ƙasar zafi ba shi da ranar da yanayi zai tsayar da shi. Kullum ruwa a buɗe yake, kullum ana iya fita, saboda haka kullum ana iya ɗage gyara zuwa wata mai zuwa, alhali jirginsa yana tsufa wata goma sha biyu a shekara, kuma da sauri fiye da na arewa. Abin da nake ba irin wannan mutum shawara shi ne ya ƙirƙira wa kansa hunturu, ya ware makonni a kalanda da jirgi zai fita daga ruwa ko da babu abin da ya nuna alamar lalacewa.

Ta fuskar amfani da jirgi, iskar yanki ce ke tsara komai, har irin filafilan da za a saya. Ƙarfin da iska ke dannawa a kan filafili yana ninkuwa huɗu idan gudunta ya ninka biyu, don haka bambancin iska mai gudun kilomita 20 a awa da mai 40 ya fi yadda lissafin baki ke nunawa. Iska mai sanyi kuma ta fi mai zafi nauyi, wadda ke kan sifili ta fi ta digiri 30 da kimanin kashi 10 cikin 100, shi ya sa matuƙan arewa suke rage filafili da wuri ko na'urar awo ba ta nuna wani abin tsoro ba. A Bahar Rum matsalar ita ce iska ko ta yi kaɗan ko ta yi yawa. Ana iya kwanaki ana tafiya da inji saboda teku ta kwanta kamar faranti, sannan a Tekun Ejiyan da ke tsakanin Girka da Turkiyya iskar arewa da ake kira Meltemi ta taso a Yuli da Agusta ta yi kwanaki tana kaɗawa ba tare da ko gajimare ɗaya a sama ba. A kudancin Faransa Mistral ce ke gangarowa ta kwarin kogin Ron, a gaɓar Kuroshiya kuma Bora ce ke faɗowa daga duwatsu. Jirgin wannan teku yana bukatar inji mai lafiya, anka mai nauyi da doguwar sarƙa, da matuƙin da ya yarda cewa da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

A wasu tekunan kuwa iska tana da alƙawari, kuma a kan alƙawarin nan aka gina kasuwanci na ɗaruruwan shekaru. A Tekun Indiya iska tana busowa daga arewa maso gabas tun wajen Disamba har Maris, ita ce Waswahili ke kira kaskazi, kuma ita ke kawo jirage daga Oman, Yaman da Indiya zuwa Mombasa da Zanzibar. Daga Afrilu sai ta juya ta zama kusi, ta mayar da su gida, amma akan guje wa tsakiyarta saboda haukarta. Sunan da Turawa ke kiran wannan iska da shi ma, wato monsoon, daga kalmar Larabci ta mausim ya fito. A Atlantika, gangamin jiragen da ke tsallakawa daga Las Palmas ta tsibiran Kanari zuwa Karibiyan, wanda aka fara a 1986, yana tashi ne a ƙarshen Nuwamba, lokacin da kakar guguwa ke ƙarewa kuma iskar gabas mai ɗorewa ke kankama. Tafiya ce ta kusan kilomita 5,000 da iska a baya, kuma abin da ke lalata kaya a cikinta gogayya ce: igiyar da ke shafar wuri ɗaya dare da rana har mako biyu ko uku sai ta tsinke, don haka ana zagayawa kowace safiya ana duba wuraren da abu ke gugar abu.

Mahaukaciyar guguwa ita ce ke raba shekarar ƙasashen zafi gida biyu, kamar yadda ƙanƙara ke raba ta arewa. Tana samun ƙarfi ne daga ruwan da ɗuminsa ya kai kimanin digiri 26 zuwa 27. A Atlantika kakarta daga 1 ga Yuni ce zuwa 30 ga Nuwamba, ta fi tsanani a Satumba, a kudancin Fasifik kuma daga Nuwamba zuwa Afrilu. Takardun inshora sukan shata iyaka a taswira su ce jirgi ya fice daga cikinta a waɗannan watanni, ko kuma a ajiye shi bisa wasu sharuɗɗa. Shi ya sa jirage ke kwarara kudu zuwa Tirinidad da Girenada, ko daga Fiji da Tonga zuwa Niyu Zilan. Amma iyakar taswira ba katanga ba ce. Girenada ta daɗe ana ɗaukarta a matsayin mafaka, sai ga guguwar Ivan a Satumbar 2004 ta kifar da jirage a filayen ajiya, ɗaya ya faɗa kan ɗaya. A Satumbar 2017 Irma ta tara jiragen tsibiran Birjin na Birtaniya da na Sen Matin kamar tarin itace. Daga irin waɗannan aka ƙara tsananta shiri: a cire filafilai da rumfa da duk abin da iska za ta kama, a sauke jigo idan hali ya yi, a haƙa rami a zura dogon gindin jirgi a ciki domin ya zauna ƙasa-ƙasa, a ɗaure shi da madauri zuwa turakun da aka binne. Filafilin gaba da aka bari a naɗe saboda ƙiwa shi ne yakan fara warwarewa ya ja jirgin da maƙwabtansa.

Sauran haɗurran kowane yanki da nasa. A gaɓar Niyufanlan, inda ruwan sanyi mai gangarowa daga Labarado ke karo da ruwan ɗumi mai hawowa daga mashigin Meziko, hazo yakan rufe teku kwanaki, na'urar rada ta zama idon matuƙi. A ruwan da sanyinsa ya sauka ƙasa da digiri 15, wanda ya faɗa ciki numfashinsa yakan ƙwace masa a mintunan farko ko da gwanin iyo ne, saboda haka ɗaure kai da jirgi ya fi muhimmanci a can. A Fulorida da gaɓar Panama tsawa ce abin tsoro, domin jigon alminiyom shi ne abu mafi tsawo a kan ruwa, kuma faɗuwa ɗaya tana iya ƙone duk na'urorin jirgi. A tsibiran Kanari da Kef Bade da kuma Bahar Maliya, ƙurar hamada tana sauka a kan jirgi ta gauraya da gishiri da giris ta zama kamar garin wasa wuƙa a cikin na'urorin jan igiya, dole a riƙa kwance su ana wankewa. A busasshen yanayi irin wannan, jirgin katakon da ya daɗe a tudu allunansa sukan tsuke su buɗe baki, idan an mayar da shi ruwa sai a bar shi a rataye ana kwashe ruwa har katakon ya sha ya kumbura ya rufe.

Lokacin da na fi jin tsoro shi ne lokacin da jirgi ya sauya yanki, ko mai shi ya tuƙa shi can ko wani ya saye shi daga nesa, domin jirgin yana tafe da shirin tsohon gidansa. Wanda ya fito daga tafki zuwa teku yana ɗauke da maganiziyom da zai narke nan da nan, da fentin gindin da ba a yi shi domin halittun ruwan gishiri ba, wataƙila da wayoyin lantarki marasa rufin kuza waɗanda za su yi kore a cikin shekara ɗaya. Wanda ya gangaro daga Turai zuwa Karibiyan yana da na'urar ɗumama ɗaki amma ba shi da rumfar inuwa, tagoginsa ƙanana ne, firijinsa da aka auna da sanyin arewa zai riƙa aiki ba tsayawa yana shanye batir, filafilan da suka yi shekara goma lafiya kuma za su iya gajiya a cikin uku. Wanda ya hau daga kudu zuwa arewa yana iya zuwa da ruwa kwance a cikin allon juyawa ko a tsakiyar doro, ruwan da bai taɓa cutar da shi ba sai a daren farko da sanyi ya sauka ƙasa da sifili. Idan zan duba jirgin da za a saya, kafin in tambayi shekarar da aka ƙera shi nakan tambayi watanni nawa yake yi a cikin ruwa duk shekara, a wane ruwa, kuma wa ke lulluɓe filafilansa idan mai shi ba ya nan. Daga nan sai in ɗauki tocila in shiga ƙarƙashin doro, wurin da faifan ƙarfen da ke riƙe wayoyin jigo ya ratso ciki, in ga ko akwai jan layi a jikin bango.